Safiyar da Aka Rasa Mai Wanke Goggo

Kwana uku na zauna a kan tabarmar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan ban ji wanda ya yi wa Goggo ƙarya ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da ƙarya suka zo da ita, da na sami abin da zan riƙe su da shi. Amma duk wadda ta cire takalmi ta durƙusa, gaskiya take faɗi. Wannan ta ce Goggo ce ta yanke mata cibiyar 'ya'ya bakwai. Waccan ta ce lokacin da mijinta ya kwanta ciwo, Goggo ce ta bi gida gida ta tara mata suka roro mata gyaɗa. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu ta zo da jajayen idanu, ta ce shekarun da ake rufe musu ƙofa idan sun zo ɗiga wa yara maganin shan inna, sai sun sa Goggo a gaba ake buɗewa. Matar kansila ma ta zo da ƙamshinta, ta zauna minti goma, ta ce an yi rashin uwa, ta tambaya ko akwai hoton marigayiya da za ta sa a waya. Babu. Goggo ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya har a ɗauke ta hoto ba.

Wata maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara talatin, ta yi kuka har sai da aka riƙe ta. Tana cewa, "Wa zai tsaya mana yanzu? Wa zai tsaya mana?" Ana ba ta haƙuri, ana shafa mata baya. Ni ban ba ta haƙuri ba. Hannuwanta nake kallo, hannuwan da ta cusa a ƙarƙashin mayafi ranar Talata da safe lokacin da ake nemansu.

Bari in faɗi abin tun da wuri, don kada mai karatu ya ɗauka baƙin halina ne kawai. Goggo ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da ƙauyuka huɗu da ke kewaye da mu, fiye da shekara hamsin, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya ɗauke ta aiki. Safiyar da ta rasu, tsakar gidan cike yake da mata har bakin rijiya, amma aka rasa mace ɗaya da ta san yadda za a wanke ta, ko wadda za ta yarda ta gwada. Ni ma ina cikinsu. Don haka nake rubuta wannan, kada a binne wannan safiyar tare da ita, a bar mu da yabo kaɗai.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a ɗakinta na tashi har aka kai ni ɗakin miji a Ɗanbatta, inda nake koyarwa a firamare yanzu. Ta haihu huɗu, ba wanda ya kai yaye. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ta ƙi sake aure, ta dawo gidan mahaifinta ta zauna a ɗakin da ke kusa da turken awaki. Ba mu san shekarunta daidai ba, amma tsofaffi sun ce ta haura tamanin da biyar. 'Yar ƙarama ce, siririya, mai saurin tafiya. Idan ka hango ɗan farin mayafi yana ratsa gonaki da sassarfa, kwano a ka, to ka san wani gida an haihu ko an rasu.

Ba ta da sanyin baki, kada a ce na gyara ta. Idan ka kawo mata dogon bayani sai ta ce, "To, na ji. Wa zai yi?" Tambayarta ke nan a kan komai. Rijiyar unguwa ta rufta, maza na zaune a gindin darbejiya suna tattauna laifin wanda ya haƙa ta tun zamanin iyayensu, sai ga Goggo ta tsaya daga nesa ta ce, "Sannunku da aiki. Wa zai yi?" Ni kuwa tun da na fara koyarwa ta daina kirana 'yar nan, ta koma Malama, kuma idan ta faɗa sai ka ji kamar ta tsunkule ka. "Malama, an iya riƙe alli, a zo a riƙe min akuya in ba ta magani."

Ina 'yar shekara tara na fara gane cewa akwai abin da garin ke yi mata wanda ba a faɗa. An yi haihuwa a wani gida, Goggo ce ta karɓi haihuwar, ita ta yi ta jigilar itacen wankan jego har kwana shida. Ranar suna ta tashi da sassafe ta yi dambu da zogale, ta zuba masa man gyaɗa har yana ƙyalli, ta ɗora min a ka na kai. Aka karɓa da godiya, aka sa albarka. Da yamma na koma ɗauko kwanon, sai na tarar da shi a bayan ɗaki, awaki biyu sun tusa kai a ciki. Na dawo ina kuka na gaya mata. Ta karɓi kwanon ta duba, ta ce, "Sun cinye tas? To, madalla. Awaki ma bayin Allah ne." Ta wanke kwanonta ta kife.

Daga ranar na fara lura. A gidan biki ana ba Goggo tsintsiya, ana ba ta tulu, ana ba ta riƙon jariri, amma ba a ba ta muciya. Idan ta matso kusa da tukunya sai wata ta yi wuf ta ce, "Haba Goggo, da girmanki? Zauna ki huta." Ba wadda za ta ce maka don hannunta na taɓa gawa ne. Idan ka tambaya ma rantsuwa za a yi maka. Liman ya sha faɗa a wa'azi cewa wannan camfi ne, aikin lada ne babba, matan su gyaɗa kai daga bayan labule su ce gaskiya ne, gobe kuma a sake karɓe muciyar. Hannun da ya fara taɓa 'ya'yansu a duniya, shi ne ba su yarda ya taɓa tuwonsu ba. Ni kaɗai na ci abincin Goggo shekara goma sha biyar, kuma ga ni nan, ban mutu ba, ban yi rama ba.

Ba ta taɓa fitar da abin da ta gani a ɗakin wanka ba. An yi wata amarya da ta rasu wata biyar da aure, garin ya cika da ƙananan maganganu, kowa da irin tasa. Bayan an kai ta, mata uku suka biyo Goggo har ɗaki da sunan sannu da aiki. Suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe babbarsu ta sassauta murya ta ce, "Goggo, tsakaninmu, me kika gani a jikin yarinyar nan?"

Goggo na tsinke zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ga baiwar Allah."

"A'a, Goggo, ai mun sani, amma dai…"

"Ranar da na wanke ki, idan aka tambaye ni, abin da zan ce ke nan. Ko kina so in ƙara?"

Matar ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Kusan shekara ta yi ba ta gaida Goggo ba. Da ta rasu kuwa, Goggo ce ta wanke ta.

Faɗanta mafi girma da mahaifina ta yi shi. A wajenmu gona na jingine da gona, ba ka samun taki ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi, kuma gonar Baba ta yi iyaka da maƙabarta ta gabas. Wata damina ya ƙara kunya biyu ta wannan gefen. Ba shi ya fara ba, kowa na ɗan matsawa, shekara kunya ɗaya, shekara rabi. Mata ba sa shiga maƙabarta, amma Goggo ta san ta fiye da masu haƙa, don duk wadda ta wanke sai ta tambayi inda aka sa ta, ta je ta tsaya daga bakin hanya ta gane wurin. Ta bari har geron ya kai gwiwa. Wata ranar Juma'a ta je ta tumɓuke kunyoyin nan biyu kaf, ta ɗaure, ta ɗauko a ka, ta shiga zauren Baba yana zaune da baƙi, ta jefar a gabansa.

Baba ya miƙe. "Yaya, lafiya? Hauka kike yi?"

"Ga geronka. A kan ƙafafun matarka ka shuka shi."

Ina laɓe a bayan ƙyaure, kuma a ranar na san inda mahaifiyata take kwance. Baba ya ce ta tozarta shi a gaban mutane, ta ce shi ya tozarta wadda ba ta da bakin magana. Damina biyu ba su yi magana ba, gida ɗaya, rijiya ɗaya. A cikin wannan lokacin ta yi ta yanko rassan bini-da-zugu tana kafawa a bakin maƙabartar, ita kaɗai, reshe bayan reshe, tana ba su ruwa da tulu a cikin rani, har ta zagaye gefen gabas da na kudu. Shingen yana nan, ya fi mutum tsayi. Ranar gaisuwa na ji mai unguwa yana nuna wa baƙi shi, yana cewa aikin gayya ne da al'umma ta yi.

Akwai kuma baƙuwar nan. Wata mata ce mai taɓin hankali da ta ɓullo ta hanyar kasuwa, ba wanda ya san garinsu, ta yi 'yan makonni tana kwana a gindin tsamiya, yara na tsokanarta. Goggo na kai mata kunu kullum, kuma ita dai ba ta taɓa mayar da kwanon Goggo da abinci a ciki ba. Da ta rasu aka kawo ta ɗakinmu, Goggo ta wanke ta, maza suka kai ta, suka dawo kowa ya kama gabansa. Sai na ga Goggo ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗaki ta zauna da carbi. Na ce me ake yi? Ta ce zaman makoki. Na ce na wa, ai ba ta da kowa. Ta ce, "Shi ya sa." Kwana uku ta zauna. Mutum biyu suka zo mata gaisuwa, ɗayan ma aron turmi ya kawo ta, ta ga abin ya zama dole ta durƙusa.

To, ni fa? Kada in tsaya ina nuna mutane da yatsa kamar ni na fito tsarkakakkiya. Ina shekara goma sha huɗu Goggo ta fara cewa in zo in riƙe mata buta. Na gudu gidan ƙawata na ɓuya har la'asar. Ba ta yi min faɗa ba. Bayan na yi aure ta sake nema, na ce ina da ciki. Ta sake, na ce ina goyo. Da yara suka girma na koma cewa sai an yi hutun makaranta, kuma an yi hutu ya fi sau arba'in. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma ba na gawa kaɗai ba. Na ga abin da aka yi wa kwanonta, ba na so a yi wa nawa. Ina sayar da ɗan cincin da zoɓo a makaranta, ina da ƙawaye, ana gayyatata girkin biki. Na zaɓi wannan, na bar ta da butarta.

Bara, bayan girbi, ƙafafunta suka fara kumbura, hannunta ya fara rawa. Sai ta dogara sanda ta je Islamiyyar matan aure, ta roƙi malamarsu ta ba ta rabin awa ranar Asabar da Lahadi. Ta ce mata goma take so, ko biyar, ta koya musu kafin ta kasa. Ta aiko min da saƙo musamman, na ce in sha Allahu zan zo. Ranar Asabar ta ɗaure damin karan dawa, ta naɗe shi da tsohon zani, ta sa aka kai mata ajin, ta kwantar a kan tabarma don ta nuna yadda ake juyawa da yadda ake rufewa. Matar ƙanena tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce da aka ga damin nan a kwance sai wata ta fashe da dariya, wata ta ce a'uzubillahi wannan ai mugun fata ne, masu ciki suka tashi suka fita, sauran suka bi su ɗaya bayan ɗaya da uzurin girki. Mata uku suka tsaya har ƙarshe. Ranar Lahadi Goggo ta je ta zauna ita da damin karanta har aka kira azahar. Ni ina gida ina duba takardun jarrabawar 'yan aji huɗu.

Da na je gaishe ta mako na gaba na shirya dogon bayani. Ba ta bari na fara ba. Ta ce, "Malama, an gama jarrabawar?" Na ce an gama. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ba ta sake tayar da maganar ba, da ni ko da wani, har ta bar duniya. A lokacin daɗi na ji, na ɗauka ta haƙura.

Ranar Litinin da yamma aka yi ruwan shuka, na farko mai ƙarfi a bana. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da safiyar da ta biyo baya take nufi. Kowa ya kwana da irinsa a aune, sungumi a jingine, don damshin nan ba ya jira. A wannan safiyar Goggo ta yi sallar asuba a zaune, ta jingina da bango, ba ta sake tashi ba. Matar ƙanena ce ta same ta da ta kai mata koko. Aka kira ni, na hau babur, kafin ƙarfe bakwai ina gidan.

Na tarar maza sun riga sun gama haƙa, ƙasa ta yi laushi, aikin bai ɗau lokaci ba. Makara na jingine a zaure. A cikin gida mata sun cika, ana ta salati, ana kuka. Na shiga na gan ta, an rufe ta da zani, na fito na zauna. Muka zauna. Sai da aka ɗau lokaci kafin na gane abin da muke yi: jira muke. Shekara hamsin, idan aka yi rasuwa, mata su taru su yi kuka su jira ɗan farin mayafin nan ya shigo da kwanonsa. Jikinmu ya saba har ba mu lura cewa wadda muke jira ita ce a kwance a ɗaki ba.

Ƙanena ya leƙo daga zaure ya ce, "Yaya, Liman na tambaya ko an gama."

Na ce, "Ba a fara ba."

Aka shiga kallon kallo. Na dubi maƙwabciyarta, ita ce babba a wurin, na ce, "Inna, ko za ki shiga?" Ta ce wallahi jiri take ji tun jiya, ta ja mayafi ta rufe hannuwanta. Wata ta ce ba ta da tsarki. Wata ta ce tana shayarwa. Malamar Islamiyya ta ce ta karanta a littafi amma ba ta taɓa yi ba, tana tsoron ta yi kuskure ta ɗau alhaki, ta kuma matsa baya. Daga cikin mata ukun da suka tsaya ranar Asabar ɗin nan, ɗaya ta koma Gezawa da mijinta, biyu suna wurin, suka sunkuyar da kai kamar ba da su ake ba. Aka tuna da wata tsohuwa a ƙauyen da ke bayan rafi wadda ta iya, aka buga waya, aka ce tana Kano jinyar 'yarta.

Rana ta ɗaga. Daga waje muryoyin maza suka fara canjawa. Ina jin wani yana cewa, ba da ƙarfi ba amma na ji, "Ƙasa fa tana shan iska." Wani ya ce a yi haƙuri. Na san muryar mai maganar farko. Goggo ce ta wanke mahaifiyarsa da matarsa ta fari da 'yarsa.

Sai Liman ya yi sallama ya zagayo ta bayan gida, ya tsaya a jikin katangar da ke bayan ɗakin Goggo, inda akwai 'yar taga. Dattijo ne, kusan sa'anta. Ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. Ya ce, "Ku ji tsoron Allah. Wannan farilla ce a kan garin nan gaba ɗaya. Mace ɗaya ta ɗauke muku ita shekara hamsin. Yau ba wadda za ta tashi?" Ba wadda ta motsa. Ya ce, "Ina 'yar da ta riƙa?"

Na ce, "Ga ni, Allah gafarta Malam. Ban iya ba."

Ya ce, "Shiga. Zan tsaya a nan in riƙa gaya miki."

Haka aka wanke Goggo. Matar da ta san aikin nan fiye da kowa a yankinmu, aka wanke ta da umarnin namiji daga bayan katanga, yana faɗa yana maimaitawa kamar mai koya wa yaro alwala. Matar ƙanena ta bi ni ta riƙe buta, ta kau da kai gefe, tana zuba ruwan inda ta ga dama. Ruwan randa ne, mai sanyi. Sai da ya sauka a kafaɗarta na tuna cewa ita ba ta taɓa fita wankan kowa ba sai ta sa an ɗora ruwa a wuta. Na ce a ɗumama, aka ce daga waje babu lokaci. Malam ya ce in naɗe hannuna da ƙyalle, na naɗe. Ya ce dama kafin hagu, na rikice na fara da hagu, na sake. Ban san yadda ake juya mutum ba, sai da kanta ya bugu da gefen gado. Na ce, "Yi haƙuri, Goggo," da ƙarfi, har Malam ya ji.

Ya ce a aika a samo ganyen magarya da kafur, a kuma gaya wa maza su yanko likkafani. Matar ƙanena ta ɗaga matashin kai don ta gyara wurin, sai ta tsaya. A ƙarƙashinsa akwai ƙunshi. Farin yadi ne, an riga an yanka, an jera shi bi da bi yadda za a buƙace shi, na shimfiɗawa a ƙasa, zani da riga a tsakiya, kallabi a sama. Ga busasshen ganyen magarya a ƙulle a leda, ga kafur, ga ƙyallen hannu guda biyu. Na gaya wa Malam ba sai an aika ba. Ya ce, "Allahu akbar," bai ƙara ba.

Sai ya ce, "Saura kai. Ki tsefe gashin ki wanke, ki raba shi uku, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, ki kitse ki mayar baya. Kin gane yadda ake yi?"

Ban gane ba. Na cire mata kallabi, sai na ga ba na buƙatar in gane. Farin gashinta a rabe yake uku, kalaba ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, an mayar da su baya. Tsagar a karkace take, kitson ya yi sako-sako, irin na mai rawar hannu da ta yi wa kanta ba madubi. Na daɗe ina kallo don in haddace kafin in tsefe. Na wanke, na mayar yadda na gani. Nawa bai kai nata kyau ba.

Aka sallace ta, aka kai ta. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya gonaki sun cika da mutane, kuma na ji an ce shukar ta kama.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya karɓe ta da hannun da ya fi namu tausayi. Mu kuma ban san da bakin da zan roƙa mana ba.

Ranar sadakar uku, da mutane suka fara raguwa, mai kitson unguwa ta matso kusa da ni. Mace ce mai yawan magana, ba ta da mugun nufi. Ta ce ita fa tana da abin da ke damunta, tana so in gaya mata ko ta yi wa Goggo wani laifi ne ba ta sani ba. Shekara ashirin ita ke yi mata kitso duk bayan mako biyu, amma tun makon da aka yi abin nan na Islamiyya Goggo ta daina zuwa. Ta bi ta har ɗaki da kibiyarta, Goggo ta ce ta bar shi, ta samu wanda take yi da kanta. Na tambaye ta wata nawa ke nan. Ta ƙirga da yatsu ta ce bakwai, ana cikin na takwas. Na ce mata ba ta yi laifin komai ba, ta tafi hankalinta a kwance.

Wata bakwai Goggo tana kwana tana tashi da kitson gawa a ƙarƙashin kallabinta, mu kuma muna shiga muna durƙusawa, muna tambayarta ya ƙarfin jiki.